Muciyar Mama da Tsawar da Na Naɗa

Hutun makaranta guda cur na cinye ina naɗa siririyar wayar jan ƙarfe a jikin bututun roba, kuma duk zagayen da na yi, mutum ɗaya ne a raina: wan mahaifina, wanda muke kira Baba Babba. Maƙwabta suna wucewa suna cewa sannu da ƙoƙari Malama, lallai ɗalibanki sun yi dace. Ina amsawa ina murmushi. Ba don ɗalibai nake yi ba. So nake tsohon nan ya tsaya a gaban mutane ya ce ƙarya ya yi wa uwata, tun tana da rai, tun kunnenta yana ji.

A Manga aka haife ni. Babana soja ne, kamar maza da yawa a wajenmu. Ina firamare aka tura su aiki wata ƙasa, akwatinsa na ƙarfe ne kawai ya dawo. Ya bar mana ɗaki biyu a gidan gado da wata gona a bakin rafi, baƙar ƙasa wadda ko sanda ka dasa sai ta yi ganye. Ba a gama zaman makoki ba Baba Babba ya fara zagaya gonar nan da safe, hannuwansa a baya, kamar mai neman abin da ya yar. Da ruwan shuka ya sauka sai ya tura 'ya'yansa da garma, ko sallama ba a yi mana ba.

Mama ta fita ta same shi a tsakar gida. A gida C'lela muke yi, yaren iyayenmu, amma in ranta ya ɓaci Hausa take juyawa, don da ita ake karanta Littafi Mai Tsarki a cocinmu, kuma da ita take jin magana ta yi nauyi. Ta ce masa, "Ni ba ni da ƙarfin ja da kai. Amma sama tana gani. Sama za ta amsa maka."

Duk wanda ya taɓa zama a benci ranar Lahadi ya san saman da take nufi, wadda muke cewa Ubanmu yana cikinta. Shi ma ya sani sarai, don dattijon ikilisiya ne, shi ke riƙe farantin tara sadaka a bakin ƙofar coci. To amma kafin mako ya zagayo hadari ya haɗo da la'asar, aradu ta faɗa kan doguwar giginyar da ke bayan ɗakinsa, ta tsaga ta gida biyu, ta kashe bijimin da ke ɗaure a gindinta, wuta ta kama rumbunsa guda. Washegari ya tara mutane. Ya ce ai kowa ya ji ta da bakinta, ta ce sama za ta amsa masa, ga shi ta amsa. Sannan ya ɗaga hannu ya rantse da Hausa cewa da safiyar ranar ya gan ta a kan dutsen bayan gida, tana nuna gajimare da muciya, bakinta yana motsi.

Gaskiya ne ta hau dutsen da muciya. Wanke-wanke muka je yi, ni ce ma na riƙe mata soso, kuma waƙar coci take yi a hankali kamar kullum. Amma wa zai tambayi yarinya?

Ba a kore mu da sanda ba, da ma an yi hakan da ya fi sauƙi. Mata ne suka daina zuwa rafi lokacin da Mama take zuwa. A coci, in ta zauna sai bencin ya wofinta, wannan ta tuna ta bar ɗanta a waje, waccan ta ce iska ta fi shiga ta baya. Yara suka sa mini suna 'yar tsawa. Da rani ya shiga Mama ta ɗaure kayanmu a kan kura, tukwane da tabarma da akwatin ƙarfen da muciyar nan, muka dawo cikin Zuru, ta kama ɗaki ta fara tuyar ƙosai kusa da tasha. Labarin kuwa ya riga mu isowa. Da rani ciniki lafiya lau, amma da zarar gabas ta yi baƙi sai ka ga masu saye suna zamewa ɗaya bayan ɗaya, wani ma ya bar ƙosansa a takarda.

Kalma huɗu na tashi ina ji a bakinta: ba ni ba ce. Ta faɗa wa fasto, ta faɗa wa masu babur, ta faɗa wa matar da ke sayar mata da wake. Wani lokaci tana jujjuya ƙosai a mai, ba wanda ya tambaye ta, sai in ji ta faɗa wa kaskon. Na tsani kalmomin nan kusan yadda na tsani wanda ya sa ta a faɗinsu.

Ina sakandare malaminmu na fiziks ya zana gajimare a allo, ya ce tsawa ba komai ba ce illa wutar lantarki da ta taru a cikin hadari har iska ta kasa riƙe ta, sai ta tsaga ta nemi hanya mafi kusa zuwa ƙasa, shi ya sa take son dogayen itatuwa. Dogayen itatuwa! Na ji kamar in tashi in rungume shi, na kuma ji kamar in fasa allon. Na ruga gida na zayyana wa Mama, har da zanen giginya a ƙasa da tsinke. Ta saurara har na gama, ta ce, "To madalla. Tahi ki gaya musu." Ta san ba mai ji. Ni kuma daga ranar na ƙudurta cewa in ba za su ji ba, to za su gani. Na yi karatuna na dawo Zuru ina koyar da fiziks ɗin, ina jira.

Na'urar da na naɗa ba ni na ƙirƙira ta ba. Wani Bature ne da ya mutu tuntuni, kuma na fara ganin irinta a kwaleji, a lalace cikin kabad, ƙura ta rufe ta. Daga baya na ga tana aiki a bidiyo cikin wayata: wani dogon naɗin waya a tsaye, kansa kamar an kifa masa kwano, walƙiya tana fita daga kwanon tana lasar iska. Na maimaita bidiyon har caji ya ƙare. Ba kyansa nake kallo ba, fuskar Baba Babba nake gani.

Akwai wani Ibo mai shagon kayan wuta a bakin kasuwa, ya daɗe a Zuru har 'ya'yansa sun fi ni iya zagi da Hausa, amma shi har yau kowa namiji ne a bakinsa. Na kai masa zanen. Ya juya shi sama ya juya shi ƙasa, ya cire tabarau ya dube ni.

"Malama, wannan abu, kai so ka kashe mutum ne?"

Na ce, "A'a Oga, koyarwa zan yi."

"Koyarwa," ya ce. "Idonka bai ce koyarwa ba."

Duk da haka ya shiga can ƙuryar shagon ya jawo mini wata tsohuwar taransifoma mai nauyi, irin wadda ake kunna fitilun talla masu launi da ita, ya ce daga wani otal da ya rufe ya kwaso ta. Ya haɗa mini da bututun jan ƙarfe na bayan firiji da ƙunshin siririyar waya mai fenti. Sannan ya sa ni na yi masa alkawarin abu biyu: zan kafa ƙarfe a jiƙaƙƙiyar ƙasa in ɗaura wa na'urar, kuma ba zan taɓa kwalabenta ba sai na sauke musu wuta, ko da na kashe janareta. Ya ce tartsatsin sama yana ba da tsoro, amma abin da ke ƙasa shi ke kisa shiru.

Yadda abin yake aiki ba wuya, in mutum yana son ya ji. Taransifoma tana ɗaga wutar janareta ta kai ta dubbai, ta ɗura ta a ma'ajiya. Ma'ajiyata kwalaben lemo ne, ruwan gishiri a ciki, takardar alminiyam a waje, gilashi ya raba su. Wuta tana taruwa a gefe da gefe tana neman haɗuwa ba hali. In ta cika ta batse sai ta tsallake wani ɗan gibi da na bari tsakanin ƙusoshi biyu, ta afka cikin bututun jan ƙarfen nan da na lanƙwasa zagaye kaɗan a ƙasa. Daga nan ta koma kwalabe, ta sake dawowa, tana kai da komo da saurin da ido ba ya bi. A tsakiyar wannan zagayen dogon naɗin yake tsaye, mai siririyar waya zagaye wajen dubu, da kwanon silba biyu da na kifa a kansa baki da baki. Ba abin da ya haɗa naɗin biyu, ko taɓa juna ba sa yi, maganaɗisu ne kawai yake kai girgizar na ƙasa ga na sama.

Sirrin yana wuri ɗaya. Kowane naɗi yana da saurin da yake so ya yi kai da komo da shi, kuma sai saurin su biyun ya zo daidai. Kamar tura yaro a lilo ne: ba ƙarfi ake so ba, lokaci ake so. In ka tura daidai lokacin da ya dawo, kowace 'yar turawa tana hawa kan ta baya, har ya kai inda zai fara ihu. Haka wutar take hawa a dogon naɗin, turawa kan turawa, har ta taru a kwanon silba ta fi ƙarfin iska, sai ta yage ta ta fita. Ni ban sha wahalar gane wannan ba, don haka haushina ya girma, kaɗan-kaɗan, kowace damina da nata.

Ranar da na fara kunnawa a ɗakin gwaje-gwaje ba abin da ya fito. Ƙusoshin suna ta ƙara kamar ana yayyaga buhu, kwano kuwa shiru. Na kashe, na sauke wutar kwalabe, na matsar da maƙalin da ke cizon bututun jan ƙarfe gaba kaɗan, na sake kunnawa. Shiru. Na matsar baya. Wani ɗan shuɗin gashi ya leƙo a gefen kwano ya koma. Haka na yi ta yi, kwana da kwanaki, ina zagin waya ina zagin kwalabe, har wata rana da hantsi na dace da wurin. Walƙiya ta fito mai tsawon hannuna, shuɗiya mai ratsin ja, tana rassa tana murɗewa, ɗakin ya cika da ƙamshin nan da iska take yi kafin ruwa ya sauko. Na zauna a ƙasa na yi dariya ni kaɗai, irin dariyar da ba zan so ɗalibaina su ji ba.

Saura abu ɗaya. Ana bukatar sanda da za a jawo tartsatsin da ita: busasshen itace a hannu, ƙusa a kai, waya daga ƙusar zuwa ƙarfen da ke cikin ƙasa, don wutar ta bi waya ta bar mutum. Ina iya sa kowane icen tsintsiya. Amma da na koma gida na ga muciyar Mama a jingine a bayan murhu, ita ce dai ta Manga, ta yi santsi ta yi baƙi don tsufa. Na sa ta a jakata.

Da yamma Mama ta ɗora ruwan tuwo tana ta dube-dube. "Ke, ina muciyata?"

Na ce, "Tana makaranta, Mama. Aro na yi."

"Tuwo kuke tuƙawa a makarantar?"

"Kusan haka."

Ta dube ni ta gefen ido, ta aika aka aro ta maƙwabta, ba ta sake tambaya ba.

Makarantarmu takan yi ranar iyaye a tsakiyar damina, kowane sashe ya nuna abin da yake koyarwa. Ban sha wahalar gayyato Baba Babba ba. Jikokinsa suna makarantar, kuma shi mutum ne da ba ya wuce wurin da za a ba shi kujerar gaba da shinkafa. Mama ce ta ba ni aiki. Ta ce ƙafarta tana ciwo, ta ce wa zai kula da kasko, ta ce ita ba ta shiga inda mutumin nan yake. Na durƙusa na ce, "Mama, tun da nake ban taɓa roƙon ki ki zo ki ga aikina ba." Ta ɗaura sabon zaninta ta zo, ta zauna can baya kusa da ƙofa. Matan Manga biyu da ke kan bencin suka tuna cewa gaba ta fi jin magana.

Rana tsaka ce, amma na sa an rufe tagogi da barguna don tartsatsi ya fito sosai. Na ja igiya a ƙasa na ce kada kowa ya tsallake. Baba Babba yana daidai bakin igiyar, da babbar riga da hula da sanda, ya tsufa ya rame amma bakin nan yana nan yadda na san shi, a taɓe kamar an ba shi abin da bai kai nasa ba.

Allah ya sani na yi bayani. Da Hausa na yi, a hankali, na maimaita da C'lela don tsofaffi. Na ɗaga kwalba na ce wannan ruwan gishiri ne. Na nuna waya na ce a kasuwa na samo ta, ga mai shagon nan zaune. Na ce abin da za ku gani ɗan'uwan tsawa ne, ƙaraminta, kuma tsawa wuta ce da take taruwa a hadari ta nemi abu mafi tsawo ta bi, ba ta san sunan kowa ba, ba a aikenta, ba ta jin Hausa balle C'lela. Suna ta gyaɗa kai. Mutanenmu sun iya gyaɗa kai.

Sai na kunna.

Ƙarar ce ta fara dukan su, sannan hasken. Walƙiya ta tashi daga kwanon silba tana tsaga duhun ɗakin, wata mata ta kira sunan Yesu, wani ya yi salati, kujeru suka fara ja da baya. Na ɗauki dogon ƙwan lantarki wanda ba waya a jikinsa, na matso da shi, ya kama da haske a hannuna. Ɗalibai suka yi tafi. Iyayensu ba su yi ba.

Na ajiye ƙwan, na sa hannu ƙarƙashin tebur na jawo muciya. Na ɗaga ta yadda kowa zai gane ko mece ce, sannan na miƙa ta wajen kwano. Duk rassan walƙiyar suka haɗu wuri ɗaya suka yi tsalle suka kama kan muciyar, farin zare mai ƙara, ina matsar da hannu yana bi na. Na juya na dubi tsohon, na ɗaga murya ta fi ta na'urar.

"Baba, ga muciya, ga tsawa. Haka ka gani a kan dutse?"

Na daɗe ina tanadin wannan tambayar, kuma na yi zaton zai sunkuyar da kai, ko ya yi gardama, ko ya ce yarinya ba ki da kunya. Bai yi ko ɗaya ba. Bakinsa ya buɗe, sandar ta faɗi, ya miƙe ya ture kujera ya nufi ƙofa da saurin da ban san yana da shi ba. A bakin ƙofar ya yi kiciɓis da Mama zaune, ya yi wata 'yar ƙara ya manne da bango ya zagaye ta, ya fita. Hularsa da takalminsa ɗaya suka kwana a makaranta. Ba zan ɓoye ba, daɗin da na ji a lokacin ban taɓa jin irinsa ba, har cikin haƙorana na ji shi.

Shugaban makaranta ya kira ni ofis ya ce nunin ya yi kyau amma ban da sa dattawa gudu. Mai shago ya same ni ina naɗe waya, ya girgiza kai ya ce, "Na faɗa maka idonka bai ce koyarwa ba." Mama kuwa ta gyara zaninta ta kama hanyar gida, na bi ta.

Ranar Lahadi bayan an tashi daga coci muka ji babura sun tsaya a ƙofar gida. Baba Babba ne da dattawan Manga da fastonsu, da akuya a ɗaure a bayan babur ɗaya da damin dawa a ɗayan. Maƙwabta suka fito, masu leƙe ta katanga suka leƙo. Mama tana zaune a kan kujerar tsugune tana tsince wake, ba ta tashi ba. Gabas ta fara haɗa baƙi, kuma na lura duk wanda ya shigo sai ya ɗaga kai ya duba.

Tsohon ya cire sabuwar hularsa ya durƙusa a gaban matar ƙanensa. Ya fara magana da C'lela ƙasa-ƙasa. Na ce, "A'a Baba. Da Hausa ka rantse a gaban jama'a, da Hausa za ka warware, kowa ya ji."

"Matar ƙanena," ya ce, "ƙarya niy yi. Ban gane ki kina kiran komi ba ranar nan. Wanke-wanke kika yi, na sani. Gona nika so, shi ya sa nif faɗi abin da nif faɗi. Ga gonarki, ga ɗakunanki, ki koma gidanki."

Na rufe ido. Abin da na yi shekara da shekaru ina jira ke nan, kalma da kalma, a gaban fasto, a gaban unguwa, Mama tana ji. Da ya tsaya a nan da na yafe masa rabin abin da ke raina. Amma bai tsaya ba.

"Ban sani ba," ya ce, "ashe ƙaryata bisa gaskiya taf faɗa. Mun gani da idonmu, kin ba ɗiyarki tsawar. Don Allah ki janye ta daga kaina. Tun ranar nan ban yi barci ba, ko babur ya yi ƙara sai in zabura. Ki faɗi da bakinki kin janye."

Dattawan suka ce haka ne, a yi haƙuri, a janye. Har fasto ƙasa kawai yake kallo. Na dubi fuskokinsu ɗaya bayan ɗaya na gane cewa duk bayanin da na yi, kwalba da gishiri da doguwar giginya, ba wanda ya ɗauki ko ƙwaya. Muciya suka gani. Jinina ya hau, na buɗe baki zan fara daga farko, in ce ku zo in kwance na'urar a gabanku ku taɓa da hannunku.

Mama ta ɗaga mini hannu. "Ke, yi shiru. Manya na magana."

Ta ajiye faifan wake a gefe, ta karkaɗe zaninta. Na jira kalmomin nan huɗu. Yau ce ranarsu, yau ce ranar da za ta faɗe su wanda ya ƙaga ƙaryar yana durƙushe. Ta dube shi. Sannan ta ɗaga kai a hankali ta dubi hadarin da ke tasowa, duk tsakar gidan suka ɗaga kai tare da ita.

"Gona na karɓa," ta ce. "Ɗakuna na karɓa. Akuya ku mai da ita, ba ni da wurin ɗaure ta. Sauran magana kuwa, Yaya, ni ba ni da ƙarfin ja da kai. Sai mu ga abin da sama za ta ce."

Suka yi ta roƙo, ta ɗauki faifanta ta ci gaba da tsintar wake. Da iska ta fara kaɗa kwanon rufi sai roƙon ya gajarce, aka ɗaga tsohon aka ɗora shi a babur, suka tafi da akuyarsu ba su waiwayo ba.

Da gidan ya watse na zauna kusa da ita. Raina a jagule yake, ban san ko nasara na yi ko ɓarna ba. Na ce, "Mama, me ya sa ba ki ce ba ke ba ce? Yau kam da sun ji."

"Da sun ji?" ta ce. "Tun kina riƙe mini soso nike faɗi. Na faɗa wa mutane, na faɗa wa kasko. Ke kin faɗa musu da karatunki, da harshe biyu, sun ji?" Ta watsar da tsakuwar da ta tsinto. "Shi ya ba ni tsawar nan, ban roƙe shi ba. Na ɗauke ta shekarun nan duka, ta hana ni rafi, ta hana ni benci. Yanzu shi ma ya ɗauka ya ji nauyinta. Kawo mini muciyata."

Na ciro ta daga jaka na zare ƙusar. Kanta ya ƙone, ya yi baƙi ƙirin da 'yan ramuka inda tartsatsi ya ci. Ta juya ta a hannu, ta kankare da wuƙa, ta wanke, ta tuƙa tuwon dare da ita ruwa yana zuba.

Ta koma Manga a ƙarshen daminar, ta noma gonarta har ƙarfinta ya ƙare. Ba wanda ya sake taka mata ko kunya ɗaya. Baba Babba ya sare duk wata doguwar itaciya da ke kusa da ɗakinsa, wanda shi ne abu ɗaya da ya yi daidai da darasina, kuma an ce in hadari ya haɗo jikokinsa ne suke riƙe shi. Ban taɓa jin tausayinsa ba, kuma ba na jin zan fara yanzu. Na'urar tana nan a makaranta, ɗalibai suna kiranta tukunyar tsawa, duk shekara ina kunna musu ina bayani, su kam suna ji.

Bencin Mama a coci bai sake cika ba har ta rasu. Na taɓa zuwa na same ta ita kaɗai a kansa, ta ajiye Littafinta a dama, jakarta a hagu, ta miƙe ƙafa. Na zauna a gefenta, ta matsar da jakar ta ba ni wuri. Kalmomin nan huɗu kuwa, tun ranar da aka zo da akuya ban sake jin su a bakinta ba, ko ga kasko.